Ƙofar Gishiri a Jikin Ɗan Adam: Abin da Ya Haɗa Kwalarar Zamfara da Wata Cutar Gado

Gadon da ake kwantar da mai kwalara daban yake da sauran gadajen asibiti. An shimfiɗa masa leda mai kauri, an huda rami a tsakiya, an tura bokiti ƙarƙashin ramin, an ajiye wani bokitin a wajen kai saboda amai. Majinyacin ba shi da ƙarfin tashi ya zagaya, ma'aikatan jinya kuma suna son sanin yawan ruwan da ya fita don su san yawan wanda za su mayar. Idan ciwon ya yi tsanani, babban mutum kan zubar da kusan lita ɗaya cikin awa guda. Ido ya faɗa, murya ta dushe, yatsu su yamutse, in an tsunkuli fatar ciki ta tsaya cak ba ta koma ba. Wanda ya je kasuwa da ƙafarsa da safe, kafin magariba sai a ɗauke shi ranga-ranga.

Mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan. A shekarar 2021, lokacin da Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ta lissafa sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, da sama da 3,600 da suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, kuma waɗannan ƙananan hukumomi uku sun ɗanɗana. Dalilan a fili suke. Rijiyoyi marasa murfi da ruwan sama ke kwaso ƙazanta ya zuba musu, bahaya a fili, jarkokin 'yan ga-ruwa da ba a san inda aka ciko su ba, ga kuma dubban iyalai da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka suka cunkushe a kangaye da makarantu, masai ɗaya na mutum masu yawa. Kogin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau ya bi ta Bunguɗu, a nan ake wanki, a nan ake shayar da dabbobi, a nan wasu ke ɗiban na sha.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Daga ina duk wannan ruwa ke fitowa? Ƙwayar kwalara ba ta huda hanji, ba ta shiga jini. Idan aka duba hanjin majinyaci da madubin likita, kusan lafiya lau za a gan shi. A 1959 wani likita ɗan Indiya a birnin Kalkata, Sambhu Nath De, ya nuna da gwajin da ya yi a hanjin zomo cewa guba ce ƙwayar ke fitarwa, gubar ce kuma ke sa hanji ya yi ta tsiyayar da ruwa. An ɗauki shekaru fiye da talatin bayan haka kafin a san ainihin abin da gubar ke murɗawa. Kuma ba a wajen binciken kwalara aka gano shi ba. An gano shi ne a wajen neman asalin wata cutar gado da ta addabi Turawa.

A jikin bangon hanji, da hanyoyin numfashi, da jijiyoyin da ke fitar da zufa, da fankiriyas mai samar da ruwan narkar da abinci, akwai wani furotin ƙarami ƙwarai da masana ke kira CFTR. Aikinsa aikin ƙofa ne. Gishirin da muke ci sinadari biyu ne a haɗe, sodiyam da kuloraid. Wannan ƙofa ita ke buɗewa ta bar kuloraid ya fita daga ƙwayar halitta, sodiyam ya bi shi, ruwa kuma ya bi gishirin. Da haka majina da yauƙin da ke cikin huhu da hanji ke zama tsinkakku, su riƙa gudana. Gubar kwalara idan ta shiga ƙwayoyin halittar hanji, sai ta tayar da wani sinadarin saƙo a cikinsu har ya wuce kima, shi kuwa ya bankaɗe ƙofar ya hana ta rufuwa. Abin da ke sauka a bokitin nan, gishiri da ruwan jikin mutum ne ke fita ta ƙofar da aka hana rufuwa.

Cutar gadon kuwa, sistik faibrosis, kishiyar wannan ce. A wurin mai ita ƙofar a toshe take, ko kuma babu ita gaba ɗaya. Sai majina ta yi kauri ta manne a huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, tari ya ƙi ƙarewa. Hanyoyin fankiriyas su toshe, abinci ya wuce ba a narke ba, yaro ya yi ta ci amma ba ya yin ƙiba.

Wata likita a birnin Niyok na Amurka, Dorothy Andersen, ita ta fara bayyana cutar dalla-dalla a 1938. A 1948 aka yi wani matsanancin zafi a birnin, sai likitan yara Paul di Sant'Agnese ya lura cewa da yawa cikin yaran da zafin ya galabaitar masu wannan cuta ne. Ya bi diddigi har ya tabbatar a 1953 cewa gishirin da ke cikin zufarsu ya ninka na sauran yara. Daga nan aka samu gwajin zufa na 1959, wanda har gobe shi ne ginshiƙin gane cutar. A 1983 Paul Quinton, masanin da shi kansa yake ɗauke da cutar, ya nuna cewa kuloraid ne ba ya iya ratsa jijiyoyin zufar masu cutar. Sai 1989, Lap-Chee Tsui da John Riordan a Toronto ta Kanada, tare da Francis Collins a Mishigan, suka gano ƙwayar gadon a kan kuromosom na 7. Furotin ɗin da take ginawa jerin ƙananan sinadarai 1,480 ne. A wurin mafi yawan majinyatan Turai da Amurka, guda ɗaya tak ne ya ɓace, na 508 a jerin.

Gano ƙwayar gado abu ɗaya ne, ganin furotin ɗin da kansa wani abu ne daban. Ya yi ƙanƙantar da madubin likita na yau da kullum ba zai nuna shi ba, ba shi da yawa, kuma yana cakuɗe da dubban wasu furotin masu kama da shi. A nan antibodi ya shigo.

Antibodi sinadari ne da garkuwar jiki ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo, kuma kowanne abu ɗaya ya sani, shi kaɗai yake kamawa. Wannan ne sirrin rigakafi. Masu bincike sun mayar da wannan baiwa ta zama kayan aiki. Sukan ɗauki wani ɗan yanki na furotin ɗin da suke nema su yi wa ɓera allurarsa, garkuwar ɓeran ta ƙera antibodi a kansa. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka gano yadda za a ciro ƙwayar halitta ɗaya mai ƙera antibodi iri ɗaya, a haɗe ta da ƙwayar da ba ta daina hayayyafa, ta yi ta samar da shi a cikin kwalba ba iyaka. Wannan aiki ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1984. Antibodin da aka ƙera don CFTR lambobi suke ɗauke da su maimakon suna: M3A7, da 24-1, da 570, da 596. Wasu daga cikinsu sun fito daga ɗakin binciken Riordan, kuma gidauniyar yaƙi da cutar ta Amurka na raba su ga masu bincike.

Ga yadda ake aiki da su. Mai bincike zai narkar da ƙwayoyin halitta, ya ɗiga ruwan a saman wani faranti na yauƙi mai daskarewa, ya kunna wutar lantarki. Furotin za su yi ta gangarawa, ƙanana a gaba, manya a baya. Sai ya kwafe su a kan wata farar takarda ta musamman, ya jiƙa ta cikin ruwan antibodi ta kwana a firji. Da safe ya wanke, ya ƙara wani sinadari mai ba da haske, ya ɗauki hoto. Idan ƙwayoyin halittar na lafiyayye ne, layi biyu za su fito: siriri a ƙasa, wato furotin da bai gama nuna ba, da mai kauri a sama, wato wanda ya kammala ya isa bangon ƙwayar halitta inda zai yi aiki. Idan na mai cutar ne da na 508 ɗinsa ya ɓace, sai siririn kaɗai ya fito, sama wayam.

Wannan wurin da ya zauna wayam shi ya canza tarihin cutar. A 1990 Seng Cheng da abokan aikinsa suka nuna ta wannan hanya cewa jikin majinyaci yana ƙera furotin ɗin, amma a karkace, sai ƙwayar halitta ta ƙi barinsa ya wuce, ta rushe shi tun a hanya. A 1992 wasu masu bincike suka ga cewa idan aka raini ƙwayoyin halittar a yanayi mai ɗan sanyi, wani kaso na furotin ɗin kan miƙe ya isa inda ake bukatarsa, har ya yi aiki. Ma'ana, abin mai gyaruwa ne. Neman maganin da zai miƙar da shi ya ci shekaru sama da ashirin, kuma a duk tsawon lokacin, layin nan na sama na cikin abubuwan da ake dubawa don a san ko magani ya yi tasiri. A 2012 aka amince da maganin farko, ivacaftor, ga masu wani nau'i na cutar da ba su da yawa. A Oktoban 2019 Amurka ta amince da Trikafta na kamfanin Vertex, haɗin magunguna uku da ke amfanar kusan kashi 90 cikin 100 na majinyatan can. Cutar da a shekarun 1950 ba kasafai take barin yaro ya kai shiga firamare ba, yau ana sa ran wanda aka haifa da ita a Amurka ya haura shekara 50. Kuɗin maganin a can ya zarce dala 300,000 a shekara ga mutum ɗaya.

Sai dai antibodi ba ma'asumi ba ne, kuma wannan gargaɗi ya shafe mu. Wani yakan kama furotin da ba shi aka aike shi ba, ya fitar da layi a inda babu komai. CFTR ya yi suna wajen wahalar ganowa, an kuma daɗe ana saɓani kan waɗanne ƙwayoyin halitta na huhu suka fi ɗauke da shi. Sai a 2018 ƙungiyoyin bincike biyu suka bayyana wani nau'in ƙwayar halitta da ba a san da shi ba a hanyoyin numfashi, ɗan kaɗan ne a lissafi amma cike yake da wannan furotin. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya yarda da antibodi sai ya gwada shi a kan ƙwayoyin halittar da aka cire wa CFTR gaba ɗaya. In layi ya fito a can, antibodin ya yi ƙarya, a ajiye shi. Irin wannan antibodi na bincike ne kawai, ba da shi ake tabbatar wa majinyaci cuta ba. 'Yar kwalbar da ba ta kai cikin ƙaramin cokali ba kan ci ɗaruruwan daloli, kuma dole ta zauna cikin sanyi daga masana'anta har teburin aiki. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a Gusau ya san abin da wannan sharaɗi ke nufi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan fasaha ta tsaya can ƙetare. Tana cikin aljihun ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin Kwatarkwashi da na 'Yandoto. Ɗan farin robar nan na gwajin maleriya da ake ɗiga wa jinin yatsa, a ƙara ɗigon ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20, antibodi ne aka shafa a cikinsa. Layin farko yana nuna cewa abin gwajin na aiki, na biyu kuma yana fitowa ne idan antibodin ya kama wani furotin na ƙwayar maleriya mai suna HRP2. Gwajin juna biyu na fitsari haka yake. Tsinken gwajin kwalara da ake tsomawa a bahayan majinyaci haka yake, ko da yake shi sai an aika samfur ɗakin gwaje-gwaje an raini ƙwayar kafin a tabbatar da ɓarkewar annoba. Ga kuma gwajin sikila na gaggawa, irin su HemoTypeSC, mai bambance nau'in jini A da S da C daga ɗigo ɗaya ba tare da wutar lantarki ba, wanda Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka gwada a kan jarirai a wuraren rigakafi na Gwagwalada. Su ma waɗannan suna iya kuskure. An samu ƙwayoyin maleriya a Peru da Eritiriya da suka daina ƙera HRP2, gwaji ya riƙa cewa babu cuta alhali tana nan, har Eritiriya ta canza irin gwajin da take amfani da shi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, waɗanda su ne gobe za su riƙe waɗannan gwaje-gwaje a karkara, ya kamata su fita da sanin abin da ke cikin robar da iyakar abin da za ta iya faɗa.

Akwai wani hasashe da zai ja hankalin duk wanda ya san labarin sikila. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunar maleriya, wannan ne ya sa ƙwayar gadon S ta yawaita a ƙasashenmu. A 1994 masu bincike a Jami'ar Karolina ta Arewa suka ga ɓerayen da ke da rabin adadin CFTR suna zubar da ruwa kaɗan idan aka ba su gubar kwalara, sai aka yi zaton ko irin wannan kariya ce ta yawaita cutar a Turai. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su goyi bayan zaton sosai ba, don haka yana nan a matsayin hasashe. Abin da ya tabbata shi ne cewa ilimin ya buɗe hanyar neman maganin da zai rufe ƙofar na ɗan lokaci. A 2002 ɗakin binciken Alan Verkman a San Faransisko ya gano wani sinadari mai toshe CFTR da ya rage zubar ruwa a hanjin ɓera. Har yau bai zama maganin da ake bai wa mai kwalara ba. A ganina wannan abin takaici ne: an zuba dukiya mai yawa an samu maganin buɗe ƙofar, amma maganin rufe ta, wanda talakawan Afirka da Asiya ke bukata, yana tafiyar hawainiya.

Alhamdu lillahi, akwai wata hanyar da gubar ba ta taɓawa. Hanji yana da wani furotin daban da ke shigar da sodiyam tare da sukari, ruwa ya bi su ya koma jiki. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki ko ana tsakiyar gudawa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis, ya sa 'yan uwan majinyata suka riƙa ɗura musu wannan haɗi, mace-mace suka faɗi daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ƙullin wannan haɗi, wato ORS, guda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu shi, shafaffen ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a fara ba da shi tun daga gida, a ci gaba da bayarwa a kan hanyar asibiti. Kwalarar da aka bari tana iya kashe kusan rabin waɗanda ta yi wa mugun kamu, wadda aka tara da wuri kuwa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

To, ita sistik faibrosis fa, akwai ta a cikinmu? An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa ciwon Turawa ne. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu, kusan haihuwa ɗaya cikin 2,500 zuwa 3,500, a baƙaƙen fatar Amurka kuwa kusan ɗaya cikin 17,000. Amma ƙaranci ba rashi ba ne. An tabbatar da ita a baƙaƙen yara a Afirka ta Kudu, kuma an san wani nau'in lahani mai lamba 3120+1G>A da ya fi fitowa a masu asalin Afirka. An lissafa sauye-sauye sama da 2,000 a wannan ƙwayar gado, gwaje-gwajen da aka tsara don Turawa kuwa kaɗan daga ciki suke nema, don haka suna iya tsallake ɗan Afirka.

Gadonta irin na sikila ne. Uba na ɗauke da ita bai sani ba, uwa na ɗauke da ita ba ta sani ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Auren zumunci, wanda muke yi da kyakkyawar niyyar ƙarfafa dangantaka, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da lahani iri ɗaya. Sannan a dubi alamominta: yaro mai rama, mai tarin da ba ya jin magani, mai yawan ciwon haƙarƙari, mai bahaya mai maiƙo da wari. A Zamfara, inda tamowa da tarin fuka da ciwon huhu suka cika ɗakunan yara, wane likita ne zai kawo wata cuta daban a ransa? Za a ba shi abincin tamowa, a sa shi a maganin tarin fuka na wata shida, a sallame shi, ya dawo. In bazara ta zo, zafi ya haura digiri 40, gishirin jikinsa ya bi zufa ya ƙare, a ce zafi ne ko zazzaɓi. Idan ya rasu, babu takardar da za ta ambaci sunan abin da ya kashe shi, mu kuma mu ci gaba da cewa ba mu da cutar. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin duk maganar.

Gwajin zufa ba ya bukatar antibodi mai tsada. Ana shafa wani magani mai suna pilocarpine a damtsen yaro, a bi shi da ɗan lantarki mai rauni na 'yan mintuna don zufa ta tsatso, a tara ta na rabin awa, a auna kuloraid. In ya kai 60 a ma'aunin da ake amfani da shi, an kama bakin zaren. Ko ba a samu Trikafta ba, sanin sunan cutar na canza rayuwar yaro: a ba shi ƙwayoyin narkar da abinci, a ƙara masa gishiri lokacin zafi, a koya wa uwa yadda za ta bubbuga masa ƙirji kaki ya fita, a zaɓi maganin ƙwayoyin cuta da ya dace, a kuma daina ɗura masa magungunan da ba nasa ba. Iyayen su ma su san matsayinsu kafin wani cikin.

Babu wanda zai ce a ajiye maganar ruwan sha a koma kan cutar da ba ta da yawa. Ruwan famfo mai tsabta a Gusau, rijiyoyin burtsatse da masai a Tsafe da Bunguɗu, da tanadin ORS da tsinken gwaji kafin ruwan farko ya sauka, su ne gaba da komai. Amma jihar da ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a maƙwabciyarta Sakkwato, ba ta rasa ƙarfin tanadar wurin gwajin zufa da horar da waɗanda za su riƙe shi ba. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da shugabannin waɗannan asibitoci su sa wannan a lissafinsu. Ke kuma uwa, idan ɗanki na ci ba ya ƙiba, tari ya ƙi barinsa, kuma kina jin ɗanɗanon gishiri a goshinsa, ki faɗa wa likita wannan da bakinki, ki roƙe shi ya rubuta a katin yaron.